Ramin da ke Ƙarshen Hawasha

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kwanciya, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma 'yarka Hauwa za ka miƙa wa ta karanta maka, ka ce idonka ne ke ciwo. Amma gobe zan tone raminmu na golf, kuma ba wanda zan faɗa wa ya gane nauyin abin sai kai.

Mun dawo gida daga Damazin, inda yaƙi ya kai mu, inda muka baro ka. Inna lafiya, sai ciwon gwiwa. Hauwa ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Injin ban ruwa ko ƙusa ba a bar mana ba. Sandarka ta golf kuwa tana nan cikin rufin rumfa inda ka soke ta. Waɗanda suka kwashe gidan ba su san amfaninta ba, kamar dai sauran mutanen garin nan.

Ka tuna ranar da ka fara ɗora hannuna a kanta? Shekarata shida, ta kusa kamo ni tsawo. Ita da ƙwallaye uku ne duk abin da ka tsira da shi a shekarun da ka yi kana share filin wasan manyan ma'aikatan auduga a Madani. Ka bar ƙarshen hawasharmu, gonarmu ta ban ruwa, ba shuka, ka binne gwangwanin tumatir ya zama rami, ka zuba yashi kewaye da shi, ka kwaɓa da baƙin man inji don kada iska ta kwashe, yadda ka ga ana yi a can. Duk Juma'a bayan la'asar mu ja buhu a kai har ya yi sumul. Ƙanenka Kawu Idrisu ya ce duk yankin Suki kai kaɗai ne manomin da ke shuka mai.

Shekara nawa ƙwallona yana karkacewa dama, yana faɗawa cikin audugar Kawu? Kullum kana gaya mini saurin ɗaga kai nake, ina son ganin inda ya tafi tun ban buga ba. Ni kuwa ina ɗora wa sandar laifi.

Ga abin da ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba. Da na samu aikin yankan ciyawa a fili na gaske a Khartoum, har ana bari in buga ranar da ba baƙi, sai kaina ya kumbura. Na dawo hutu, ran Juma'a ka ɗauko buhu da murna, na ce maka wannan ba golf ba ne, wasan ƙasa ne. Ka tafi kai kaɗai ka ja buhun, ina zaune a rumfa ina kallonka. Da na tashi, me zai rage ni da shi? Ba mu sake bugawa tare ba.

Yanzu yunwa ta shigo, Baba. Inna da Kawu sun ce ko taku ɗaya na ƙasa ba za a bari ba, sai an shuka dawa, kuma gaskiyarsu ce. Man da muka yi shekaru muna zubawa ya kashe wurin, ko ciyawa ba ta fitowa. Sai an tone har gwiwa an zubar, an kawo sabuwar ƙasa daga bakin kogi. Kawu ciwon baya ya ci ƙarfinsa, mijin Hauwa bai dawo ba. Ni ne mai ƙarfin gidan. Da wane baki zan ce a bar mini wurin wasa, Hauwa tana shayarwa da kunu sau ɗaya a rana?

Yau da la'asar na ja buhu na ƙarshe. Na tsaya daga bakin magudanar ruwa na buga, ban ɗaga kai ba. Ƙwallon ya tafi sak, bai karkace ba, ya sauka kan yashin. Bugu na biyu na ji ƙararsa cikin gwangwani. Na iya, Baba. Shekara goma sha bakwai, yau na iya. Filin Khartoum an ce ya koma jeji, namu kuma gobe zai tafi. Ina zan kai wannan hannun?

Na nemi alfarma ɗaya, a bar ni in fara tonon ni kaɗai kafin kowa ya zo, don ba na son a ga fuskata. Inna ta yarda, ba ta tambayi dalili ba.

Ka yafe mini na waccan Juma'ar, ka yafe mini na gobe. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Ɗanka da ya makara,
Sadiƙu