Baba Yana Tambayarka

Azare, 9 ga Yuni, 1957

Zuwa ga Yayana Bappayo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Fatu da yara da sauran mutanen Kumasi. Mu nan sai godiya.

Yaya, Baba ya dawo gida daga Ikko, amma ba da ƙafarsa ya shigo ba. Ya faɗi ne a ofishinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, sai dai hankalinsa na nan. Inna Ya Gana ba ta ɗagawa daga gefensa. 'Yata Husaina kuwa ta mayar da ɗakinsa wurin wasa. Jiya ya sa ta jiƙa zoɓo ta zuba masa kanwa. Da ruwan ya sake launi ta ruga tana cewa Kaka ya yi tsafi, shi kuma ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Na san abin da ke ranka. Ya bar ka a Katagum hannun kakarmu kana ƙarami, ka girma ba ka san shi ba, ko ɗaurin aurenka bai zo ba. Ban ce ka yi laifi da ka yi fushi ba. Amma kullum sai ya tambaye ni ko mota ta zo daga Kano, kuma na san wanda yake nufi. Ka zo, ka taho da ɗanka Jalo ya gan shi.

Inna tana gaishe ka. Ni ce ƙanwarka,
Ruƙayyatu

Azare, 28 ga Yuli, 1957

Yayana Bappayo,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya iyali, yaya kasuwar goro? Allah ya sa lafiya ce ta hana ka ba ni amsa.

Jikin Baba ya ƙara yin nauyi, kunu kaɗai yake iya sha. Da hantsi yakan sa in fito da shi zaure, a nan yake ba ni labaran da ban taɓa ji ba. Bari in faɗa maka ɗaya, don ina ganin haƙƙinka ne ka sani.

Ka san da farko mai haɗa magunguna ne a asibiti, daga baya aka kai shi ɗakin gwaje-gwaje yana auna mai da gishiri da ruwan rijiyoyi. Yana da amini a Katagum, wani marini mai suna Maikuɗi. Duk hutu tare suke yini a karofi, har suka gano wani haɗi da ke sa shuni ya kama zane ba ya zuba. Shekaru suka yi a kansa, kuma a nan ne Baba ya samu tabon ƙunar da ke hannunsa. Wani kamfani ya aiko wakilinsa, Maikuɗi ya nuna masa komai da zuciya ɗaya, har ya yanka masa kaza. Bayan shekara sai ga haɗin a gwangwani da sunan kamfanin. Da suka kai ƙara aka ce wanda ya riga yin rajista shi ne mai abu. Marinar Maikuɗi ta mutu, shi ma bai daɗe ba.

Baba ya ce ranar da suka dawo daga maƙabarta ya kwashe kwalabensa ya kulle. Ya bar ka a Katagum, ya tafi Ikko ya zama akawun wani lauya, gemu ya fara furfura yana karatun shari'a tare da sa'o'in 'ya'yansa. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawa. Da ya ci ya zama lauya, aikinsa ɗaya ne: duk wanda ya ƙirƙiro wani abu, maƙeri ne ko masaƙi ko mai sabulu, ya yi masa rajista don kada a ƙwace masa.

Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Sai ya ce, "Na tsare wa mutane da yawa abinsu, Ruƙayya. Nawa ne ban tsare ba."

Ban rubuto don in wanke shi ba, Yaya. Shi ma bai nemi haka ba. So nake ka zo kawai.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

Azare, 6 ga Satumba, 1957

Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar da ban so in yi ba. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Juma'a da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Bai wahala ba. Da safe ya sa aka yi masa aski, ya ce Husaina ta zauna kusa. Ta riƙe masa yatsu tana ba shi labarin akuyarta da ta haihu, a haka ya yi shiru. Ita ce ta leƙo ta ce mini Kaka ya yi barci ido buɗe.

Jama'a sun taru fiye da yadda muka zata. Duk da ambaliyar kogi, 'ya'yan Maikuɗi sun zo daga Katagum a kwalekwale, su suka saka shi a kabari. Wani maƙeri daga Kano ya zauna a zaure yana kuka kamar yaro. Husaina har yanzu takan kai kunu ƙofar ɗakinsa, na rasa yadda zan hana ta.

Wasiƙarka ta iso washegarin sadakar uku. Na ga ka ce za ka taso da Jalo da zarar ruwa ya ɗauke. Da farko na so in ɓoye wa Inna, don ban san ko za ta sanyaya mata rai ko ta ƙara mata ciwo ba. Daga baya na karanta mata.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in maimaita mata wurin da ka rubuta, "A gaishe mini da Baba," domin rabon da ta ji ka kira shi haka tun kana yaro. Na maimaita. Ta ce in sake.

Ka taho yadda ka shirya, Yaya. Ka gaida Fatu da yara.

Taka har kullum,
Ruƙayyatu Ladan