Jarkokin da Ka Bari a Ɗaki

Zuwa ga ɗana Nomau,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba ka karanta wagga takarda. Ko kana raye da ƙyar kake gane ajamina. Amma ba ni da wanda za ni gaya ma wanga zance, don yanzu ko uwarka sai na rage murya nake yi mata magana.

Ka tuna shekarar da anka yanke layin waya, anka hana sayar da mai a jarka don kada ya kai ga mutanen daji. Kowa ya riƙa jefar da tashi a bola saboda tsoro, kai kuwa kana bi kana tsincewa. Ka tara su a ɗakinka har rufi, rawaya da shuɗi, kana yanka su kana fitar da jikin ƙananan motocin nan naka masu tafiya da rimot. Daminar bara zazzaɓi ya ɗauke ka cikin kwana biyar, hanyar Sakkwato ba ta biyuwa. Tun ranar ban taɓa ɗakin ba.

Labarin gida kaɗan ne. Gero na kusa da gari kawai munka noma, gonar fadama ta zama daji. Matarka ta koma wurin danginta a garin Isa. Akuyar uwarka ta haifi biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya iska ta yaye rabin rufin ɗakinka. Masu gyara sunka hau, sunka leƙa, sunka ga jarkoki jere, da rimot ɗinka mai dogon eriya a kan tabarma. Sunka sauko sunka tafi. Kafin la'asar zance ya gama gari: tsoho Labbo na kai ma 'yan bindiga mai, kuma yana da na'urar kiransu. Sunan da ake kirana da shi yanzu infoma. Nomau, ka san mi wanga suna yake yi ma mutum a ƙasar nan. Wanda anka laƙa ma shi a ƙauyen gabas da mu, da rana tsaka anka fita da shi, takalminshi kaɗai ya dawo.

A masallaci wanda ke kusa da ni yana barin fili a sahu. Mai shayi ya daina ɗago kai in na wuce. Ko babur na ji ya tsaya a ƙofa sai in ce ni anka zo ɗauka. Ban ga laifin mutanen gari ba, kowa ya binne wani nashi. Mai unguwa ya aiko in zo gobe da hantsi, 'yan sa-kai za su kasance a wurin, kuma yawancinsu baƙi ne, ba su san ka ba.

Wa za ya yi mani shaida? Abokanka da sunka san sana'arka sun watse, wasu Maraɗi, wasu kudu. Dattawan gari kuwa ba su sani ba, kuma ni na ja. Ni na hana ka fito da motocin ƙofar gida. Ni na ce namiji da gemu ba ya wasan yara a gabana. Sai ka riƙa cusa su cikin buhu kana kaiwa kasuwar Isa kamar kayan sata, in an tambaye ni in ce gyaran rediyo kake yi. Na ɓoye ka saboda kunya, yau ga shi ina neman mutum ɗaya da zai ce ya taɓa ganin motar ba ni da shi.

Uwarka tana kuka, wai in ƙone jarkokin ko in binne. Na ƙi. Baƙin hayaƙin roba ya tashi daga gidana yanzu, mi za a ce? Kuma ban ƙona aikin hannunka. Na gwada rimot ɗin, batir ya mutu, motoci biyun da sunka rage ko motsi ba su yi. Ka ga ba su iya yi mani magana.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk lokacin da nake zaune bayan zana kamar ina gyaran igiya, kai nake kallo ta kafa. Na ga yadda kake ɗora kwali a kan jarka ka zana da gawayi. Na ga kana sa wuƙa a wuta, kana bi ta wajen layi ba kan layi ba, sannan ka goge da dutse har ya zo daidai. Na ga wurin taya da almakashi kake zagaya shi, ramin ƙusa kuma da ƙusa mai zafi. Ranar da ka fitar da tirela mai gilashin gorar ruwa sai da na shiga ɗaki don kada ka ga fuskata. Mi ya hana ni in ce maka ta yi kyau?

Jiya na tarar da jarka ɗaya da ka zana ba ka yanka ba, motar ɗaukar kaya, layinka na nan a jiki. Na san kana wanke su da toka da sabulu ka shanya kafin wuƙa mai zafi ta taɓa su, don tururin mai na kamawa. Wagga ka wanke ta? Na shinshina, hancin tsoho bai gaya mani komai ba. In na sa mata ruwa gawayin zai goge, ni kuma ban iya zanawa.

Gobe in Allah ya kai mu, da hantsi za ni ɗauki jarkar da wuƙarka da murhu in tafi ƙofar mai unguwa. Za ni hura wuta a gabansu, in gaya masu aikin ɗana ne, in yanka. Ban taɓa yanka ko ɗaya ba, Nomau. In ta fito mota, sun gani da idonsu. In na ɓata ta, ka yafe mani, watakila ba za ka daɗe kana jirana ba.

Allah ya haskaka makwancinka. Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Labbo