Tun Ranar Da Ka Yabi Ɗan Adawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Mun kalli shirinka a ɗakinmu na ma'aikata, ranar da ka yabi ɗan adawa kan asibitocin da ya gyara. Direban da a da ke kirana ƙanin gwarzo ya kashe talabijin, ya ce, "An saye shi." Tela kuwa, da mutuminsu ka yaba, cewa ya yi, "Yunwa ce ta koro shi."

Ni lafiya lau. Sun dai daina kirana cin abinci, na kuma gaji da rantsuwa.

Ban ce ka janye ba, ai a ɗaya daga asibitocin nan aka yi wa Inna aiki. Amma don Allah, in za ka sake faɗin gaskiya, ka sanar da ni in cika cikina tukuna.

Allah ya tsare,
Ƙaninka