Ban Samu Jana'izar Kawu Ba

Inna, za ki iya yafe mini?

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya su Hadiza? Ya ƙarin haƙurinmu?

Na san kin ji ban samu jana'izar Kawu ba. Tsohon Baturen da nake jinya a garin Manassas ne 'ya'yansa suka kai shi yawo a jirgin ruwa, wai sai na bi ina tura masa keken guragu. Na je asibitin da Kawu yake kwance na gaya masa, ya ce, "Je ka, kwana biyar ne, ni ina za ni?"

Ashe lokacin guguwar teku ne, ba wanda ya gaya mini. Ranar dawowa aka ce hanya ba ta biyuwa. Kwana uku jirgi yana kewaye, waya ba ta shiga, mutane suna ta rawarsu. Ni ko alƙibla na kasa ganewa.

Da muka sauka, har Kawu ya rasu an rufe shi. Ni kaɗai ne jininsa a ƙasar nan, Inna, amma baƙi suka sa shi a kabari.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Gwaggo. Bari in tashi, maƙwabcin Kawu ya zo zai nuna mini inda yake kwance.