Robar Hancin Baba

Chiayi,
ƙarshen watan bakwai.

Zuwa ga Yayana Jinfa,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Biyun. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Anti Yuechiao da yara, da fatan kuma sanyin Paraguay bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Shekaranjiya na je haikalin allahiyarmu Mazu na kunna muku turare, na roƙa muku lafiya da buɗin kasuwa, na kuma tsaya gaban allon sunan marigayiya Inna na gaya mata duk muna nan. Mu nan kalau muke. Maigidana Tianfu yana ta fama da gonar abarba, kullum cikin mita: in ruwa ya yi yawa mita, in bai zo ba mita. 'Yarmu Peishan ta samu aiki a Tainan, ta ce lallai in gaishe ka.

Yaya, na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ce Baba, sai ka ce ai Kawu Kao ya riga ya yi maka bayani. To yau ga nawa bayanin, ka daure ka karanta har ƙasa. Lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye bara, kai ka ce a kai shi gidan kula da tsofaffi na Kawu Kao, tunda kawun matarka ne, na gida ne, ba zai ci amanarmu ba. Kai ne babba, ban yi musu ba. Da farko Baba yana cin abincinsa da cokali, a hankali dai, yana ci yana kushe girkin kamar yadda ka san shi. Wata rana na je sai na tarar an zura masa roba ta hanci har ciki. Kawu Kao ya ce wai ya ƙware da ruwan miya, ya kira ka, ka ce a yi duk abin da ya dace. Ni da nake unguwa ɗaya da su ba wanda ya ga ya kamata ya tambaye ni.

Sai daga baya na lura kusan duk tsofaffin ɗakin da roba a hanci. Haba, duka rana ɗaya suka ƙware? Ma'aikaciya ɗaya ce a benen nan gaba ɗaya, wata 'yar Indonesiya, Sumiati, idanunta kullum ja wur saboda rashin barci. Ba na ganin laifinta. Ba da abinci da cokali zama yake so, tsiyaya madara a roba kuwa kafin ka juya an gama. Baba bai yarda da robar ba, da an sa sai ya fizge. Sai suka sa masa wata safar hannu mai faɗi kamar faifai, suka ɗaure wuyan hannuwansa biyu a ƙarfen gado. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a kasuwa yana yanka naman talotalo a kan shinkafa, mutane na layi a rumfarsa, shi ne ko ƙuda ya sauka masa a fuska ba shi da halin korewa. Da na ɗaga rigarsa na ga gyambo a ƙugunsa yana ruwa. Na fita baranda na yi kukana, na wanke fuska, na dawo ina yi masa dariya.

Na fara ɓoye kunun shinkafa a jaka ina kai masa. In na ja labule sai in tayar da shi zaune in ba shi. Yaya, sha yake yi. Ranar farko ya sha cokali kaɗan, ya dube ni ya ce da bakin nan nasa da ya karkace wai man albasar bai ji ba, wa ya koya mini girki. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na je na gaya wa Kawu Kao. Ya zuba mini shayi, ya yi murmushin nan nasa, ya tambaye ni yaushe na zama nas bai samu labari ba. Ya ce in aka cire robar wani abu ya faru, gari zai ɗauka cewa mu 'ya'yan gidan Liao mun kashe ubanmu da yunwa, ko ina so a yi da sunan yayana a kasuwa. Na kira ka na ce zan ɗauke Baba ya dawo wurina. Ka ce watan bakwai ya riga ya kama, watan fatalwa, ƙofar matattu a buɗe take, ba a yi wa tsoho ƙaura a cikinsa, in jira wata ya fita. Na jira.

Ran sha biyar ga wata, ranar babbar sadakar matattu, na je da rana da kununa. Tun daga titi nake jin ƙaurin kuɗin takarda da ake ƙona wa matattu. An jera tebura a ƙofar gidan, ga kaji, ga kifi, ga ayaba da abarba, ma'aikata duk suna waje da turare a hannu, Kawu Kao a gaba yana rusunawa, ana ciyar da matattun da ba su da kowa. Na hau sama ba kowa a benen. Baba yana kwance jikinsa zafi rau, ƙirjinsa na ƙara kamar tukunya a wuta, leɓensa ya yi baƙi. Na sauko a guje, wata ta ce mini ai barci yake, in bari su gama. Ban jira ba, na sa aka kai shi asibiti, a can aka gano abin da ya faru. Da safe ya yi ta goga fuskarsa a matashi har robar ta fito rabi, wata sabuwar ma'aikaciya ta mayar da ita da hannunta ba ta kira nas ba, ta tsiyaya madara. Madarar nan huhunsa ta tafi. Tun safe yake haka, kuma wayata tana hannuna duk wunin, ba wanda ya kira.

Da ƙyar aka ceto shi. Da zazzaɓin ya sauka likita ta gwada haɗiyarsa, ta ce zai iya cin abu mai laushi in an zaunar da shi sosai an bi shi da haƙuri. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce zai iya ƙwarewa wata rana, amma da roba ma ga abin da muka gani. Kawu Kao ya zo dubiya da kwalin tuffa mai tsada, ya ce tsautsayi ne, yarinyar ma ya kore ta, tunda abin na dangi ne kada in bari ya fita waje. Sai ga wayarka. Ka ce in an sallame shi a mayar da shi can, wai komawa inda ya fito ba ƙaura ba ce, wata bai fita ba tukuna. Yaya, da kana kusa da ranar ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba. Amma duk da haka na ce to, kai ne babba, na ajiye wayar.

Ranar sallama motar gidan tsofaffin ta zo da ma'aikata biyu cikin korayen rigunansu. Baba yana zaune a keken marasa lafiya, tun da aka kwantar da shi a asibitin ba wanda ya ɗaure shi. Yana ganin korayen rigunan nan sai ya sunkuyar da kai, ya miƙa musu hannun da ke motsi, ya tallafo ɗayan da shi, yana jira a ɗaure. Ba wanda ya ce masa ya miƙa. A nan na ce musu su koma, Baba ba ya zuwa. Ɗayansu ya ce ai umarnin babban ɗa ne. Na ce to babban ɗan ya zo da kansa ya tura keken. Tianfu, wanda ka sani ko a taron biki ba a jin muryarsa, shi ne ya durƙusa ya goya Baba a bayansa har motar ɗaukar abarba.

Saboda haka Baba yana gidana, a ɗakin Peishan. Surukata ta tare mu a ƙofa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin matar aure ta kwaso ubanta zuwa gidan miji ba, kuma a rasa watan da za a yi sai wannan. Ta ƙona takarda a bakin ƙofa, ta yayyafa mana ruwan ganye, tana yi tana faɗa. Da ta gama ta shiga kicin ta turara masa ƙwai mai laushi, ta ce in matsa, ban iya riƙe cokali ba. Ba zan ce maka abin da sauƙi ba. Kwano ɗaya sai ya huce a hannuna kafin ya kai rabi, bayana kamar zai ɓalle, kuma duk lokacin da ya yi tari sai in ajiye cokalin in jira. Tsoro nake ji ƙwarai. In wani abu ya same shi a hannuna na san abin da dangi za su ce, na kuma san kai ma za ka faɗa. Na ɗauki nauyin. Gyambon dai ya fara bushewa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ka sa Kawu Kao ya sake turo mota, jiya ma ya aiko a tambaya ko na huce. Ban huce ba. Sannan ka kira waya, ba don ni ba, in kara wa Baba a kunne ka yi masa magana da bakinka.

Ka gaishe mini da Anti Yuechiao, ka ce mata ba da ita nake ba, kawunta daban ita daban. Ka gaishe da Chengyu da ƙanwarsa Hsinyi, su riƙa yin yarenmu a gida kada su manta. Tianfu da surukata suna gaishe ku.

Da zan rufe takardar na tambayi Baba me zan faɗa maka. Ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito. Ashe duk lokacin da za su ɗaure shi yana turjewa, sai su ce masa ɗanka ne ya ce a ɗaure ka. Ya ce in gaya maka ka yi haƙuri, ka daina fushi da shi, ba zai ƙara cire robar ba.

Taka ƙanwa,
Liao Biyun