Ɗalibanku Sun Tafi da Na'urar Awon Jini, Sun Bar Mana Marasa Lafiya

Zuwa ga Shugaban Tsangayar Koyar da Harhaɗa Magunguna,
na jami'ar da ta turo ɗalibai koyon aiki Kafanchan bara.

Ranka ya daɗe Farfesa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka. Sunana Rifkatu. Malamar firamare ce ni da na yi ritaya, ina zaune a Fadan Kagoma da mijina Bulus, manomin citta. Ban ambaci sunan jami'arku ba, ban kuma ambaci sunan kemis ɗin da abin ya faru ba, don ba tozarta kowa nake nema ba. Waɗanda abin ya shafa za su gane kansu. Na rubuta a fili ne saboda na zo ofishinka da ƙafata, aka ce kana taro, na bar saƙo, har yau shiru.

A farkon daminar bara kun turo ɗalibanku na ajin ƙarshe wani babban kemis da ke kusa da kasuwar Kafanchan. An ce darasinsu ne su tsara wata sabuwar hidima ga marasa lafiya, su gwada ta a kantin magani na cikin gari. Suka zaɓi awon hawan jini da ba da shawara kan shan magani. Suka ajiye tebur da kujera a bayan labule, suka rataya ƙyalle a ƙofa mai cewa a zo kowace Asabar, kyauta. Fasto ya yi sanarwa a majami'armu bayan sujada, mu ma muka faɗa wa juna a zumuntar mata.

Mijina ya daɗe da hawan jini. Wata ɗaliba mai suna Keziya ce ta karɓe shi. Ta sa ya zazzage duk magungunan da ke aljihunsa a kan tebur, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa ƙwayar da yake sha kullum don ciwon baya ita ke ƙara tayar masa da jini. Ta hana shi ita, ta tura shi wurin likita, likita ya sauya masa magani. Kafin masara ta nuna, jiri ya bar shi, yana tafiya gona ba ya tsayawa hutawa a hanya. Ina faɗin wannan ne don a sani cewa yarinyar ta iya aikinta, kun koyar da ita da kyau.

Daga nan Bulus ya daina zuwa asibiti. Ya ce me zai kai shi bin layi daga safe har rana ta karkata, ga Keziya, da ya ɗauka kamar 'yarsa, tana auna shi ba ɓata lokaci, tana kuma sauraronsa. Ta gargaɗe shi kada ya bar ganin likita, a gabana ta faɗa. Amma mutum yakan bi inda ya ga sauƙi, kuma ba shi kaɗai ya yi haka ba. Tsofaffi da dama daga ƙauyenmu sun mayar da teburin nan asibitinsu.

Wata Asabar muka hau mota muka zo, muka tarar ba tebur, ba labule, ba ƙyalle. Mai kemis ya ce zangon karatu ya ƙare, yaran sun koma makaranta, na'urar awon kuma ta sashenku ce, an tafi da ita. Ya ce shi ba a bar masa sunan kowa ba, ba shi da ma'aikacin da zai zauna wannan aiki, ba a ma taɓa tambayarsa ko zai ci gaba ba. Da muka tambaya ko za su dawo, ya ce wataƙila. Mijina ya riƙe wannan wataƙila. Duk lokacin da na ce mu koma asibiti, sai ya ce a bari yarinyar ta dawo, ita ta san jininsa.

Lokacin haƙar citta ya zo, aiki ya yi yawa, baya ya tashi, ya koma wa tsohuwar ƙwayarsa a ɓoye. Wata safiya ya faɗi a gona. 'Yan ƙwadago suka ɗauko shi a kan mashin. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Yau yana raye, mun gode wa Ubangiji, amma hannun hagu ba ya motsi, magana kuma sai ka kasa kunne sosai. Mutumin da ke jan waƙa a majami'a yanzu leɓe kawai yake motsawa.

Keziya ta ji labari ta zo gaishe shi, ba wanda ya aiko ta. Ta zauna a gefen gadonsa ta yi kuka, shi kuma yana ƙoƙarin ce mata ba komai. A bakinta na ji cewa ƙungiyarsu ce ta fi kowa maki a wannan darasi. Ta ce an tambaye su yawan mutanen da suka auna, da yadda suka tsara teburin, da yadda suka jawo jama'a. Ba a tambaye su abin da zai sami mutanen ranar da suka tafi ba.

Ranka ya daɗe, ga inda nake ganin kuskuren yake.

Na ɗaya. Kun koya musu yadda ake buɗe hidima, ba ku koya musu yadda ake rufe ta ba. Hawan jini ba ya bin zangon karatu. Wanda ya fara lura da mai wannan ciwo ya ɗauki nauyin da ba ya ƙarewa da jarrabawa. Idan ba zai iya ci gaba ba, wajibi ne ya damƙa shi hannun wani, ya kuma tabbata wancan ya karɓa.

Na biyu. Ba a gaya mana gaskiyar abin ba. Ƙyallen ya ce kowace Asabar. Bai ce zuwa wata kaza ba, bai ce gwaji ne na ɗalibai ba. Ni na yi shekaru ina karɓar ɗaliban koyon malanta a ajina. Ranar da suka zo nakan gaya wa yara cewa baƙi ne, za su tafi, ni ce zan ci gaba. Yaron aji uku ma ana yi masa wannan adalci.

Na uku. Mai kemis aron wuri kawai aka yi a wurinsa. Shi ne zai kasance a garin bayan kowa ya watse, amma shi ne aka bari a waje lokacin tsarawa.

Na huɗu, wanda ya fi ƙanƙanta amma yana da nasa nauyi. Yawancin bayanin da Turanci aka yi shi, ana ɗan sirkawa da Hausa. Tsofaffinmu Hausar ma ta kasuwa ce gare su, yaren gida suka fi ji. Wasu sun gyaɗa kai ne kawai don kunya. Ko da an yi sanarwar tafiya da baki, ban tabbata sun fahimta ba.

Ban ce ku kuka jefar da mijina a gona ba. Babba ne, shi ya zaɓi ya jira, likita kuma ya ce ciwon kan zo ko da ana kiyayewa. Abin da na ce shi ne, kun sa mutane sun saki hanyar da suka saba, sa'an nan kuka janye sabuwar ba sallama.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan, kuma babu diyya a cikinsu. Kada a amince da tsarin kowane ɗalibi sai ya nuna wanda zai gaji aikin, mai kemis kuma ya yarda da bakinsa. A rubuta ranar ƙarewa a ƙofa tun ranar farawa. Kafin ɗalibai su tafi, kowane mara lafiya a haɗa shi da asibiti ko ma'aikacin lafiyar da zai ci gaba da ganinsa. A nemi mai jin yaren gida ya zauna tare da su. Sa'an nan ku turo malami ɗaya ya bi sawun mutanen bara. Na san gidajen waɗanda ke ƙauyenmu, zan raka shi. Akwai waɗanda har yanzu ba su koma asibiti ba.

Na ji an ce bana ma za ku turo wasu, wannan karon kan ciwon suga. Ba na adawa da zuwansu, muna bukatarsu. Amma matan zumunta sun riga sun tambaye ni ko su kai mazajensu da iyayensu, ni kuma na ce su dakata sai na ji daga gare ka. Suna jira, ni ma ina jira.

Allah ya ba ka hikimar riƙon wannan kujera, ya albarkaci ɗalibanka, ya sa hannunsu ya zama na warkarwa, ya kiyaye gidanka daga irin abin da ya shigo nawa.

Wassalam.

Ni ce,
Malama Rifkatu,
Fadan Kagoma.