Tafin da Baba Ya Yi wa Ɗan Takara

Laraba da dare, Makarfi

Har yanzu raina a ɓace yake. Ɗan takarar nan ya zo kasuwa yau. Kyakkyawa ne kamar samarin cikin littattafaina, sai da ya buɗe baki. Wai zai rage harajin rumfa, ya ƙaro 'yan doka su kori baƙi. Baƙin har da ƙawata Bisi ke nan, wadda a unguwarmu aka yanke mata cibiya.

Baba sai tafi yake yi.

Na ce a hankali, "Baba, su Bisi fa?"

Ya ce, "Ke, mata suna ƙuri'a ne? Miƙo min buta."

Na miƙa. Rumfarsu tana kallon tamu, ta ga komai. Na ɗaga mata hannu, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke atamfa.